YADDA A KE TARE KIFIN SAMON A MADATSUN RUWA DON BINCIKE

A arewa maso yammacin ƙasar Amurka akwai wani babban kogi da a ke kira Kolambiya. A kan wannan kogi da rassansa an gina madatsun ruwa masu yawa, kuma a waɗansu daga cikinsu akwai ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne su tare manyan kifaye masu hawowa daga teku, su auna su, su rubuta abin da suka gani, sa'an nan su sake su su ci gaba da tafiyarsu. Wanda ya ji labarin zai yi mamakin mutanen da za su kama kifi mai laba 20 su mai da shi ruwa. Amma bisa ga abin da su ke rubutawa ne a ke tsai da lokacin da masunta za su shiga ruwa da lokacin da za su fita, a ke raba kifi tsakaninsu, a ke kuma gane irin da ya ke gab da ƙarewa. An shirya wannan darasi don hakimai da malamansu, waɗanda su ma ƙidaya da riƙon rajista ke hannunsu, su ga yadda a ke gudanar da aikin da dalilin da ya sa a ke tsananta ƙa'idodinsa.

1. HALIN KIFIN SAMON

Samon kifin ƙasashen sanyi ne, ba a samunsa a Kwara ko Binuwai ko Tafkin Cadi. Ana ƙyanƙyashe shi cikin tsakuwar rafuka masu sanyi. Ya kan zauna a ruwan daɗi daga 'yan watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu, gwargwadon irinsa, sa'an nan ya gangara teku tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. A teku ya kan yi shekara ɗaya zuwa huɗu yana ci yana girma. In lokacin haihuwa ya yi sai ya juyo, ya shiga bakin kogi, ya yi ta hawa gaba da ruwa har ya kai rafin da aka ƙyanƙyashe shi. Tun daga sa'ad da ya bar teku ya daina kiwo, da kitsen jikinsa ya ke tafiya. In sun isa, macen ta tona rami cikin tsakuwa da wutsiyarta ta zuba ƙwai, namijin ya zuba musu ruwansa, ta rufe. Ba da daɗewa ba duka biyun su mutu.

A cikin shekara ta 1951 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Wisconsin, Arthur Hasler da Warren Wisby, suka kawo bayani cewa da ƙanshin ruwa ne kifin ke gane rafinsa. A 1954 suka ba da labarin gwajin da suka yi, inda suka toshe hancin waɗansu kifaye suka bar na waɗansu, suka sake su ƙasa da mahaɗar rafuka biyu. Masu buɗaɗɗen hanci galibinsu suka koma rafinsu, masu toshasshen hanci kuwa da yawa suka yi ɓatan kai.

Iri uku ne za a fi ambata a nan. Akwai Shinuk, wanda ya fi duka girma. Galibi ya kan kai laba 10 zuwa 30, a da kuwa an sha kama masu laba 70 ko 80. Akwai Sokai, ƙarami, wanda jikinsa ke komawa ja wur lokacin haihuwa, 'ya'yansa kuma a tafki su ke girma. Akwai kuma wani ɗan'uwansu wanda ma'anar sunansa ita ce Kan-ƙarfe. Shi ba lalle ne ya mutu bayan haihuwa ba, wani ya kan koma teku ya sāke dawowa.

Tun da ya ke kowane kifi rafinsa ya ke komawa, kifin kowane rafi zuriya ce dabam. Zuriya guda tana iya ƙarewa sarai alhali babban kogi cike ya ke da kifin waɗansu rafuka. Wannan shi ne tushen dukan aikin da za a bayyana.

2. KOGIN DA MADATSUNSA

Kolambiya ya taso daga ƙasar Kanada, tsawonsa kamar mil 1,240, ya faɗa Tekun Pasifik tsakanin jihohin Oregon da Washinton. Babban reshensa shi ne Kogin Snake, watau Maciji, wanda ya ratsa jihar Idaho. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa kifi miliyan 10 zuwa 16 ke hawa wannan kogi kowace shekara. Tazarar da ke tsakanin adadin nan biyu ta nuna ƙiyasi ne kawai, gama a lokacin ba wanda ya ƙidaya. An buɗe gidan sa kifi a gwangwani na fari a bakin kogin a 1866, kuma a 1883 Shinuk da aka kama ya kai wajen laba miliyan 43. Daga nan kamu ya yi ta raguwa tun ba a gina madatsa ko ɗaya a kan uwar kogin ba.

Madatsa ta fari a kan uwar kogin ita ce Rock Island, wadda aka gama a 1933. Sai Bonneville a 1938, kamar mil 146 daga teku, wadda Sashen Injiniyoyi na Sojan Amurka ya gina kuma ya ke riƙe da ita. Sai Grand Coulee, mai tsayin ƙafa 550, wadda ta fara ba da lantarki a 1941. Ita wannan ba a yi mata hanyar kifi ba, saboda haka ta yanke dukan rafukan da ke bayanta har cikin Kanada. Daga 1939 zuwa 1943 aka riƙa tare kifayen da ke nufin can a Rock Island, ana ɗora su a motoci masu tankin ruwa ana kai su rafukan da ke ƙasa da Grand Coulee da gidajen ƙyanƙyasa. Wannan yana cikin manyan ayyukan tare kifi na farko a kogin.

Kifin da zai je Idaho sai ya ƙetare madatsa takwas: huɗu a kan Kolambiya, huɗu a kan Snake. Ta ƙarshe ita ce Lower Granite, wadda aka gama a 1975, fiye da mil 400 daga teku. Bonneville ce ƙofar fari, Lower Granite ce ta ƙarshe, don haka tarkunan da ke waɗannan biyu su ne suka fi muhimmanci.

3. MATAKALAR KIFI DA TAGAR ƘIDAYA

Madatsa bango ce, kifi ba ya iya tsallake ta. Saboda haka a gefenta a kan gina matakalar kifi, watau doguwar hanyar ruwa ta siminti da aka kasa ɗaki ɗaki, kowane ɗaki ya ɗara na ƙasa da shi tsayi da kamar ƙafa ɗaya. Ruwa na gangarowa ta kan bangayen da ta cikin ramukan da aka bari a ƙasansu, kifi kuwa halinsa ne ya bi inda ruwa ke fitowa, sai ya yi ta hawa ɗaki bayan ɗaki har ya fita a saman madatsa.

Kusa da ƙarshen matakala a kan ƙuntata hanyar, a sa taga ta gilashi a bangonta. A bayan tagar malamin ƙidaya ke zaune, kowane kifi ya gifta ya danna maɓallin irinsa. A Bonneville an fara ƙidaya tun 1938, ba a fasa ba har yau. Daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba ana zama sa'a 16 kowace rana. A cikin kowace sa'a malamin ya kan ƙidaya na minti 50 ya huta minti 10, sa'an nan a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da ya samu don cike gurbin hutun. Misali, in ya ƙidaya 1,000 cikin minti 50, sai a rubuta 1,200 ga wannan sa'a. A waɗansu lokatai na'urar ɗaukar hoto ke tsaron tagar, a ƙidaya daga baya.

Taga tana nuna yawa da iri, amma iyakarta ke nan. Ba ta nuna shekarun kifi, ko rafin da ya nufa, ba ta kuma rarrabewa sosai tsakanin ɗan rafi, watau wanda aka haifa cikin tsakuwa, da ɗan gida, watau wanda aka ƙyanƙyashe a gidan ƙyanƙyasa aka sake shi yana ƙarami. Yau galibin kifin da ke hawa Kolambiya 'yan gida ne. Kamar hakimi ne ya zauna a ƙofar gari yana ƙirga shanun da ke shiga: zai san adadinsu, amma ba zai san na wane ne ba, ko nawa ne 'yan shekara biyu, sai an tsai da waɗansu an duba shaidarsu da haƙoransu. Don wannan a ke tare kifi.

4. YADDA TARKON YA KE

Tarkon madatsa ɗan'uwan gura ne, wadda kifi ke shiga da kansa ya kāsa fita, sai dai shi an gina shi don kifin ya fita da rai ba tare da rauni ba. A Bonneville yana gefen Washinton. In za a yi aiki sai a sauke shingen sandunan ƙarfe cikin matakala, ruwa na wucewa ta tsakaninsu amma kifi ba ya iya ratsawa, sai ya karkata ya shiga wata ƙaramar matakala da ta kai cikin ɗakin aiki. A ƙarshenta akwai wani bango da a ke turo ruwa ta kansa da famfo. Kifin ya ɗauka magangara ce, ya tsallaka, sai ya sami kansa cikin santsin kwararo yana zamewa. Ma'aikaci na tsaye yana dubawa. In kifin da a ke so ne sai ya juya ƙofa ya faɗa tankin magani. In ba shi ba ne ya bar shi ya zarce ya koma babbar matakala, ba a taɓa shi ba.

A Lower Granite, inda Hukumar Kifin Teku ta Gwamnatin Tarayyar Amurka ke riƙe da tarko tare da ma'aikatan jihohi da na ƙabilar Nez Perce, na'ura ce ke buɗe ƙofar tarko na 'yan mintoci sau da yawa cikin kowace sa'a, dare da rana. In an tsai da cewa kashi 20 cikin 100 za a tare, jimlar buɗewar ƙofa cikin sa'a minti 12 ke nan. Hikimar wannan ita ce, kada mutum ya zaɓa. Ma'aikaci in an bar shi da son ransa zai fi kai hannu ga babban kifi ko mai kyaun gani, littafi kuwa ya cika da abin da ba shi ne gaskiyar ayarin ba.

Tankin magani ruwa ne da aka zuba masa abin sa barci. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su daga man kanumfari a ke samunsa. Cikin 'yan mintoci kifin ya daina fizga, ya kwanta a gefe yana numfashi a hankali. Ana aiki da shi a jiƙe, ba a barinsa a waje da ruwa sai na ɗan lokaci ƙanƙane. In an gama a sa shi cikin tankin ruwa mai gudu har ya farfaɗo, ya koma matakala da kansa.

5. ABIN DA A KE DUBAWA

Kowane kifi yana da layinsa a littafi, da lambarsa da ranar da aka tare shi. Ga abin da a ke cikawa.

Na ɗaya, tsawo, daga hanci zuwa tsagar wutsiya, da duk wani rauni da ke jikinsa, ko na taru ne ko na ƙugiya ko na cizon dabbobin teku.

Na biyu, ɓawon jiki. A kan cire 'yan ƙwayoyi da hantsaki daga gefensa, a manna a kati mai lambar kifin. In an duba ɓawo da madubin ƙara girma sai a ga zobba zobba kamar na kututturen itace. Lokacin da kifi ke samun abinci zobban kan yi faɗi, da hunturu su matsu, na teku kuma sun fi na ruwan daɗi faɗi. Da haka a ke karanta shekaru. Ana rubuta su da lamba biyu da ɗigo a tsakani: 1.2 ma'anarsa hunturu ɗaya a ruwan daɗi, biyu a teku. Wannan shi ya ke ba da damar mai da kowane kifi ga shekarar da iyayensa suka haihu, a san ko zuriyar wannan shekara ta mai da gurbin iyayenta ko ta gaza.

Na uku, shaidar gida. Kifin samon yana da wani ɗan ƙaramin fiffike mai taushi a bayansa kusa da wutsiya. Gidajen ƙyanƙyasa su kan yanke shi tun kifin na ƙarami, ba ya kuma sāke tsirowa. Waɗansu kuma a kan soka musu ɗan guntun waya a hanci, tsawonsa kamar milimita ɗaya, mai ɗauke da lambar gidan da shekarar saki. An ƙago wannan a farkon shekarun 1960. Akwai sandar da ke yin ƙara in an goga ta a hancin kifi mai waya.

Na huɗu, alamar lantarki. Wata 'yar kwalba ce kamar ƙwayar shinkafa, tsawonta milimita 12, a kan sa ta cikin jikin kifi da allura. Ba ta da batir. In kifin ya ratsa ta cikin zoben waya da aka kafa a matakala sai ta ba da lambarta, wadda babu wani kifi mai irinta, na'ura ta rubuta wuri da sa'a. An fara amfani da ita a Kolambiya a ƙarshen shekarun 1980, kuma yanzu akwai zobban a manyan madatsu da rafuka da yawa, duk suna aika labari rajista guda. Kifin da aka sa wa alama a Bonneville ana iya sanin ranar da ya ƙetare kowace madatsa, ko kuma tsakanin waɗanne biyu ya ɓace.

Na biyar, ɗan yankin fiffike kamar ƙwayar gero, don binciken ƙwayoyin gado. Tun 2008 gidajen ƙyanƙyasa na yankin Snake su ke ajiye irin wannan yanki daga iyayen da suka ɗebi ƙwansu. Saboda haka in ɗan gida ya dawo bayan shekaru ana iya gane uwarsa da ubansa, ko da ba shi da wata shaida a jiki. In ɗan rafi ne kuma, ana iya gane yankin da zuriyarsa ta fito.

6. YADDA A KE LISSAFI

Taga ke ba da jimla, tarko ke ba da kashi, sai an haɗa su a ke samun amsa. Ga misali da lambobin da aka sauƙaƙa don koyo. A ce cikin mako guda an ƙidaya Shinuk 5,000 a taga, tarko kuwa ya tare 500. Cikin 500 ɗin, 300 an yanke musu ƙaramin fiffike, 200 nasu na nan. Mai gaggawa zai ce 'yan rafi kashi 40 cikin 100 ne, watau 2,000. Amma da aka bincika ƙwayoyin gado sai aka ga 50 cikin 200 ɗin nan 'yan gida ne da ba a yanke wa fiffike ba. Ashe 'yan rafi 150 ne cikin 500, kashi 30 cikin 100, watau 1,500 a wannan mako. Da an tsaya ga gani da ido, da an ƙara kifi 500 da babu su cikin lissafin irin da doka ke karewa. Irin wannan gyara ba misali ba ne kawai, an same shi a Lower Granite bayan an fara binciken iyaye.

Ana yin lissafin mako mako ne, ba a haɗa na shekara a raba, gama zuriyoyi ba sa zuwa tare; wata ta kan riga wata da makonni.

Ita kanta taga an gano tana da kuskure. Daga 1996 malaman Jami'ar Idaho tare da na Gwamnatin Tarayya suka sa wa dubban kifaye 'yar na'urar rediyo a Bonneville. Ta baki a ke tura ta cikin tumbi, tun da kifin ba ya kiwo. Da aka bi sawunsu sai aka ga waɗansu in sun fita saman matakala ruwa kan ja su ya mai da su ƙasa ta ƙofofin malala, su sāke hawowa, a ƙidaya su sau biyu. Yanzu a kan rage wannan daga jimla in ana son adadi na ainihi.

7. HAƊARIN AIKIN DA ƘA'IDODINSA

Kifin da ya yi ɗaruruwan mil ba ci, duk wata wahala da aka ƙara masa daga ƙarfin haihuwarsa a ke ɗiba. Mace guda ta Shinuk tana ɗauke da ƙwai dubbai, in ta mutu a tanki duk sun tafi. Ga shi kuma doka ta 1973 mai kare halittun da ke gab da ƙarewa ta hau kan kifayen Snake: Sokai a 1991, Shinuk a 1992, Kan-ƙarfe a 1997. Saboda haka ba mai taɓa su sai da takardar izni wadda ta faɗi adadin da za a riƙe, kuma duk wanda ya mutu a hannu sai an rubuta an ba da rahoto.

Babban abin tsoro shi ne zafin ruwa. A Bonneville in ruwa ya kai digiri 70 a ma'aunin Faranhait, watau kamar 21 a Santigiret, sai a rage kwanakin aiki a koma yi da safe kaɗai. In ya kai 72 a rufe tarko gaba ɗaya. Wannan kan faru da rani, kuma sau da yawa a kan sami makonnin da ba a duba kifi ko ɗaya ba alhali dubbai na wucewa. A cikin rahoto a kan nuna waɗannan makonni a fili, a faɗi yadda aka ƙiyasta abin da ya wuce cikinsu, don mai karatu ya rarrabe abin da aka auna da abin da aka zata. Haka kuma a kan faɗi cewa tarkon Bonneville matakalar gefe ɗaya kawai ya ke tsare, masu bin gefen Oregon ba sa shiga hannu. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma; wanda ya shiga tarko ba kullum ne ya ke daidai da wanda ya kauce ba, kuma mai lissafi sai ya riƙa tunawa da haka.

8. ABIN DA YA RATAYA A KAN LITTAFIN

Na fari shi ne rabo. A 1855 ƙabilu huɗu na 'yan asalin ƙasar, Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce, suka yi yarjejeniya da Gwamnatin Amurka, suka sallama ƙasa mai yawa amma suka riƙe hakkin su a wuraren da suka saba. Mafi girman waɗannan wurare, magangarar Celilo, ruwan madatsar The Dalles ya shanye ta ranar 10 ga Maris 1957. A 1969 Alƙali Belloni ya yanke cewa ƙabilun Kolambiya suna da hakkin rabo na adalci. A 1974 Alƙali Boldt, a wata shari'a ta jihar Washinton, ya fassara rabon da rabin abin da ya halatta a kama, aka kuma bi wannan a Kolambiya. Ba a iya raba abu biyu sai an san yawansa. Don haka a 1977 ƙabilun huɗu suka kafa hukumar kifi tasu, kuma tun shekarun 1980 ma'aikatanta ke duba kifi a tarkon Bonneville. Kowane ɓangare yana da ido a kan littafin, wannan ya rage gardama.

Awo guda ma yana iya tsai da su. Kan-ƙarfe wanda ya kai santimita 78, kamar inci 31, ana lissafa shi cikin ayarin manya, waɗanda galibinsu Idaho su ke nufa, kuma an ƙayyade kason da za a iya kamawa daga cikinsu. In awon Bonneville ya nuna manyan sun yi ƙaranci a wata shekara, sai a taƙaita su da taru na kaka, ko da Shinuk ya yi yawa a kogi.

Na biyu shi ne ceton iri. Sokai na Snake yana haihuwa a Tafkin Redfish cikin duwatsun Idaho, mil 900 daga teku, bisa tsayin ƙafa 6,500. A 1992 kifi ɗaya tak ya dawo, namiji. Daga 1991 zuwa 1998 'yan rafi 16 ne kawai suka iso, aka tare su duka aka riƙa haifar da zuriyarsu a gida, da haka irin bai ɓace ba. A 2015 ruwa ya yi zafi ƙwarai tun watan Yuni. Sokai kamar 500,000 suka wuce Bonneville, aka ƙiyasta wajen rabinsu sun mutu a hanya, kuma alamun lantarki suka nuna na Snake kaɗan ƙwarai ke kaiwa. Sai aka tare kamar 50 a Lower Granite aka kai su gidan ƙyanƙyasa na Eagle a mota. A 2021 aka sāke yin haka da kamar 200. Shinuk na kaka na Snake kuwa, a 1990 an ƙiyasta 'yan rafi 78 ne kawai suka wuce Lower Granite. Daga tarkon nan a ke ɗibar iyaye don gidajen ƙyanƙyasa, kuma a 2013 da 2014 da 2015 jimlar 'yan gida da 'yan rafi ta haura 50,000 kowace shekara.

Duk da haka tarko ba ya sanyaya ruwa, ba ya kuma buɗe rafin da madatsa ta rufe. Zuriyoyi da yawa na 'yan rafi har yanzu suna ƙarƙashin kariyar doka, ana kuma ta muhawara a Amurka ko a rushe madatsu huɗu na Snake ko a bar su saboda lantarki da jiragen dakon alkama. Masu cewa a rushe da masu cewa a bari duk da lambobin taga da tarko su ke kafa hujja.

9. ABIN LURA GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Ko da ya ke babu samon a ƙasar Hausa, akwai madatsu, kamar Kainji ta 1968 da Tiga ta 1974 da Bakolori ta 1978, kuma kifaye da yawa na waɗannan koguna da cikowar ruwa su ke tashi su shiga fadamu su haihu. In madatsa ta rage ambaliya, kamar yadda ta faru a fadamun Haɗeja da Nguru, masunta ne su ke fara gani a komarsu. Mutanen Kolambiya ba su iya faɗin ainihin abin da suka rasa ba, sai tsakanin miliyan 10 da 16, don ƙidayarsu ta fara ne a shekarar da aka gama Bonneville. Gundumar da ke da kogi ko tafki, in malaminta yana rubuta abin da a ke fitarwa a mashigi, iri da yawa da girma, tare da taimakon Sarkin Ruwa, za ta sami abin nunawa ran da aka zo maganar madatsa ko diyya ko hana wani irin taru.

Ƙa'idodin da suka sa a ke yarda da littafin Bonneville da na Lower Granite suna da sauƙin koyi. A tsai da ranaku da sa'o'in dubawa tun da fari, kada a sāke su don jin daɗi. Kada mai dubawa ya zaɓi abin da zai auna. A riƙe ma'auni guda shekara da shekaru, in an canja shi a rubuta ranar. Ranar da ba a duba ba a rubuta cewa ba a duba ba, kada a cika gurbin da zato a bar shi kamar awo. Waɗanda abin ya shafa kuma a bar su su ga littafin, su sa wakilinsu wurin awo.